Kada a koma gidan jiya: bibiyar gyaran tsarin aiki a wani gidan ɗinki na Fagge

Gidan ɗinkin maza ne a Fagge, tafiyar ƙafa zuwa Kantin Kwari. Mutum 18 ke aiki a ciki: teloli 8, masu yanka 2, masu surfani 2, mai guga 1, mai karɓar aiki 1, da yara masu koyo 4. Tela da mai surfani ana biyansu gwargwadon abin da suka ɗinka, duk Asabar. Sau biyu an taɓa kawo sabon tsari a gidan, na farko babban littafin awo, na biyu zauren WhatsApp na bibiyar aiki. Babu wanda ya kai wata uku. Abin da ake son gani a wannan karon shi ne wane gyara zai tsallake ɗinkin Sallah da ransa.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

An fara ƙirga, ba a taɓa komai ba. Mai karɓar aiki zai riƙa rubuta abu huɗu kullum: kaya nawa aka yi alƙawarin bayarwa, nawa aka bayar, nawa aka dawo da su gyara, da duk yadin da aka nema aka rasa ko aka haɗa shi da na wani. Alhaji, mai gidan ɗinkin, ya so a sayo allo da kwanduna tun yau. An roƙe shi ya yi haƙurin mako biyu. Idan babu lissafin jiya, wata mai zuwa gardama za a yi kan ko an samu sauƙi, kuma mai babbar murya ne zai ci.

Asabar, 18 ga Janairu

Lissafin kwana 12: kaya 168 aka yi alƙawari, 71 sun wuce ranarsu, 19 sun dawo gyara, sau 3 an haɗa wandon wani da rigar wani.

Da aka leƙa ƙarƙashin kekuna, sai ga yankakkun kaya 143 a ƙulle cikin ledoji, akwai wanda aka yanka tun Nuwamba. Ba ƙazanta ce ta tara su ba. Tela yana cin abin da ya ɗinka ne, don haka yankakken yadin da ke ƙarƙashin kekensa shi ne rumbunsa. Da an yanka sai ya karɓe wando da bayan riga da hannaye ya ɓoye, gaban riga kuma ya tafi layin surfani. Kaya ɗaya, wuri biyu, babu lamba. Nan ake haɗa na wani da na wani.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Teloli 8 suna iya haɗa kimanin kaya 20 a rana, amma kekunan surfani biyu ba sa wuce wuya 14 ko da wutar KEDCO ta wuni. Duk alƙawarin da aka yi da lissafin teloli, an yi shi ne da ƙarfin da gidan ba shi da shi.

Talata, 21 ga Janairu

Zama bayan la'asar, kowa da kowa har yara. An nuna musu lissafin, ba a ambaci sunan kowa ba. Abin da aka tsayar:

Kowane kaya zai samu takardar aiki mai lamba, mai yanki huɗu da ake ɓallewa. Babban yankin yana ɗauke da awo, irin ɗinki, irin surfani, ranar karɓa, kafin alƙalami da saura. Ƙanana uku: na mai kaya, na mai surfani, na tela.

Kwando ɗaya kaya ɗaya, daga teburin yanka har guga. Ba a raba riga da wandonta. Kwandunan 60 ne kawai, kuma idan babu kwandon da ba kowa a ciki, mai yanka ya ajiye almakashi. Yadin da bai zo layi ba yana zaune a kanta cikin ledarsa, ba a yanka ba.

Allo mai layi biyar: jira, yanka, surfani, haɗawa, guga. Kowane kaya da katinsa a ƙusa.

Tsayuwar safe minti goma a gaban allo, ƙarfe tara.

Wannan dabarar ta iyakance kwando ba sabuwa ba ce. Kamfanin Toyota na Jafan ya daɗe da ita, Taiichi Ohno ne ya kafa ta a masana'antarsu, suna kiran katin kanban: ba a ƙera sabo sai katin ya dawo. Babban tela bai damu da Jafan ba. Tambayarsa ɗaya: "Ranka ya daɗe, in na gama na hannuna babu na gaba, wa zai biya ni zaman?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba a ba shi gamsasshiyar amsa ba a yau.

Asabar, 25 ga Janairu

Ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata, mutane ba su iso ba sai bayan goma. An kwashe ledojin nan 143, an nemo masu su ta waya, an jera su a gaban layi. Guda 9 ba a san na waye ba, an ware musu kanta guda. An fitar da matattun kekuna biyu da buhu uku na ƙyalle. Kafinta ya kafa kanta da allo.

Kuɗi: takardun aiki littafi 20 masu shafi 50, N36,000. Kwandunan roba 60 a kan N1,400, N84,000. Allon katako da ƙusoshi da fenti, N22,000. Kanta, N65,000. Jimla N207,000.

Litinin, 27 ga Janairu

An fara. Tsayuwar safe ta ci minti 25 saboda musu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ɓarna ta farko. Wani tela ya cusa takardar aiki a aljihun farar shadda don kada ta ɓata. Mai guga bai duba ba, ya yayyafa ruwa ya ɗora dutse, tawadar biro ta fito shuɗi a ƙirji. An wanke, ba ta fita ba. An sayo wa mai kayan wasu yadi biyar a Kwari, N38,000, aka sake daga farko.

Laifin tsarin ne, domin ba a faɗi inda takarda za ta zauna ba. Yanzu kowace takarda tana cikin ƙaramar leda da aka ɗaure a hannun kwando da zariya, ba ta taɓa yadi ko kaɗan. Lambar kuma mai yanka yana rubuta ta da alli a cikin kalmasar riga da ta wando. An kuma manna ɗan guntun yadin a jikin takardar, saboda farare da ruwan madara suna rikita ido da daddare.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An koma kan tambayar babban tela. Daga Asabar mai zuwa, da yankin takarda za a biya: tela ya kawo yankunansa, a ƙirga, a ba shi kuɗinsa. Babu yanki, babu biya, ko da kowa ya ga ya ɗinka. A madadin rumbun da aka karɓe musu, kwandon da ya fito daga surfani zai tafi ga wanda ya fara gamawa, bi da bi, mai yanka ba shi da ikon zaɓar wa kowa. Ɗinkin da ba shi da surfani (tazarce, wando, kayan makaranta) shi ne zai cike giɓin lokacin jira, shi ma bi da bi. Matasan teloli sun ji daɗi, domin da can manya biyu ne ke kwashe babbar riga mai tsoka. Manyan ba su ce komai ba. An bar musu malum-malum saboda har yanzu su kaɗai suka iya ta.

Talata, 4 ga Fabrairu

Teloli biyu suna ta kai takarda wa yara su karanta musu a ɓoye. Ajami suke karantawa, boko sai lamba. Shekara da shekaru ba wanda ya lura, saboda da baki ake ba su aiki. An zana sabuwar takarda: hoton riga da wando, kowane awo a inda yake a jiki, irin wuya da irin hannu kuma zane ne da ake yi wa da'ira. Rubutu ya ragu zuwa sunan mai kaya. Sake bugu N40,000. Tsofaffin littattafan 14 da suka saura sun zama asara. Da an buga littafi biyu an gwada tukuna, da ba a yi ta ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Alhaji ya shigo da shaddar wani abokinsa ta ƙofar baya, ya miƙa wa babban tela, ya ce ana so gobe kafin Juma'a. Babu takarda, babu kwando. Kafin azahar duk gidan ya sani. Da yamma wani tela ma ya fito da nasa ɗinkin na gefe ya ɗora a keke, ba wanda ya iya ce masa uffan.

Wannan ne ya kashe littafin awo a baya. Ma'aikaci ba ya sauraron abin da maigida ya faɗa a taro, ƙafarsa yake kallo. Amma kuma hana Alhaji yi wa abokansa da surukansa alfarma magana ce da ba za ta kwana ba, a Kano dai. Don haka an yi wa alfarmar ƙofa: jar takarda guda biyu a rana, suna tsallake layi, da ƙarin kashi 30 cikin 100 a kan kuɗin ɗinki, rabin ƙarin na tela da mai surfani. Idan Alhaji bai son karɓar ƙarin a hannun abokinsa, ya biya daga aljihunsa. Idan biyun sun ƙare, sai gobe. Ya yi dariya, ya ce an mayar da shi baƙo a gidansa, sannan ya cike jar takarda ta farko da hannunsa a gaban yara.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Biyan farko da yankin takarda. Mutum uku sun ɓatar da nasu, an duba babban yankin an biya su, tare da gargaɗin cewa sau ɗaya ne. An rataya wa kowane keke gwangwanin madara na ajiye yanki.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Dawowar kaya ba ta ragu ba, kuma bakwai cikin goma na ƙarshe ƙorafi ɗaya ne: hannu ya yi gajere. A makon jiya an ce duk wanda aikinsa ya dawo za a cire masa rabin lada. Kuskure ne babba. Cikin kwana huɗu teloli suka daina faɗin matsala a tsayuwar safe, suna kwance ɗinki su gyara a ɓoye, wani ma yana kiran mai kaya ya same shi a gida. An janye cirar, an mayar wa mutum biyu kuɗinsu.

Sai aka bi zaren. Me ya sa hannu ya gajarce? Haka aka yanka. Me ya sa? Haka takarda ta ce. Me ya sa takarda ta ce 23 da rabi alhali hannun mutumin 24 ne? Aka jera tef ɗin awo na teburin karɓa da na teburin yanka a kan rula ta ƙarfe. Na teburin karɓa ya tsufa ya miƙe. Tef ɗin da ya miƙe yana ba da lamba ƙasa da gaskiya, mai yanka kuma yana yanka da lafiyayyen tef. Ga kuma ƙarin wata: mai karɓar aiki yana tsayawa a ƙashin wuyan hannu, yana zaton mai yanka zai ƙara, mai yanka kuma yana zaton an riga an ƙara.

An sayo tef 6 iri ɗaya, N3,600, an yanke tsofaffin da almakashi don kada wani ya ɗauko su daga shara. An buga layin inci 36 a gefen teburin yanka, duk Asabar a gwada kowane tef a kai. An kuma tsayar cewa awon jiki zalla ake rubutawa, ƙari aikin mai yanka ne shi kaɗai. Babu tela ko ɗaya da ke da laifi a cikin bakwai ɗin nan.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Lissafin ɗinkin Sallah. Ranar ƙarshe ta bayar da kaya 27 ga Maris, don a bar sarari ko azumi ya zo 29. Daga yau zuwa ranar kwana 39, a cire Juma'a biyar, saura 34. A wuya 14 kullum, 476. A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗaukewar wuta da lalacewar keke da rashin lafiya, saura 380. A cikinsu 68 na jar takarda ne, 312 na layi. An ƙirga takardu 312 an yi musu tambari, an kulle sauran littattafan a durowa. Ranar da mai tambari ta ƙare, an rufe karɓar ɗinkin surfani.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Makon nan kaya 92, tara suka makara, biyu suka dawo. Alhaji ya sayo tsire da lemo, ya ce tunda abu ya zauna a daina tsayuwar safe, ɓata lokaci ce. An ci tsiren, ba a daina tsayuwar ba. John Kotter na Jami'ar Harvard ya lissafa kurakurai takwas da ke kashe sauyi a ma'aikatu a 1995, na bakwai shi ne shelar nasara da wuri. Mako huɗu ba sabo ba ne, ɗoki ne. An dai rage tsayuwar zuwa tambaya uku: wane kati ne ranarsa ta kusa, wane kwando ne ya kwana biyu a wuri ɗaya, me ya lalace. Minti shida zuwa takwas.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi. Aiki ya koma kashi biyu, safe zuwa la'asar, sannan bayan asham zuwa ɗaya na dare. Tsayuwa ta koma bayan azahar, lokacin da kowa ke nan. An raba kwanan masu surfani, ɗaya rana ɗaya dare, kowa na bin wuta.

Laraba, 12 ga Maris

Mai karɓar aiki ya kwanta zazzaɓi tun ranar Asabar. Kwana huɗu kacal, allo ya mutu. Katin da ke layin yanka kayansa na kan teburin guga, masu kaya suna kira ana duba allo ana ba su amsar da ba ita ba. Ba a yi tsayuwa ko sau ɗaya ba.

Dalili a fili yake, sai dai ba a gan shi ba tun yana da lafiya. Shi yake zagayawa yana matsar da katin kowa, shi ke kiran tsayuwa, shi ya san inda makullin durowa yake. Hazaƙarsa ce ta rufe cewa mutum 17 ba su taɓa allon da hannunsu ba. Takardar aiki kuwa ko gezau, ba wanda ya ɗinka kaya ba tare da ita ba, saboda ranar Asabar da ita ake biya. Kwando ma bai mutu ba, saboda babu wani wurin ajiye yankakken yadi: tun a Janairu an buga katako an toshe ƙarƙashin kekuna.

Gyara uku. Yankin biya ya koma jikin katin allo, tela ba zai samu yankinsa ba sai ya je allo ya ɓalle shi, kuma yana ɓallewa yana matsar da katin. Kiran tsayuwa ya zama karɓa-karɓa, mako-mako, an rubuta jerin a saman allo. An zaɓi babban yaro cikin masu koyo da mataimakin mai yanka su koyi karɓar aiki da awo, kowannensu yini biyu a mako, ko da mai teburin na nan.

Asabar, 15 ga Maris

Takardu masu tambari sun ƙare. An manna sanarwa a ƙofa. An mayar da mutum 11 yau, an haɗa huɗu da wani gidan ɗinki na maƙwabta.

Alhamis, 20 ga Maris

Alhaji ya tafi Umara shekaranjiya, ya bar wa ƙaninsa gida. Shi ba ya cikin zaman Janairu, kuma ba wanda ya zaunar da shi. Cikin kwana biyu ya karɓi kaya 41, duka na surfani, ba takarda, awo a bayan kwalin zare, ya yi wa teloli alƙawarin biya a hannu. Mai karɓar aiki ya ce masa, "Yaya, layin ya cika, injin ba zai ɗauka ba." Ƙanin Alhaji ya ce kuɗi na shigowa ana maganar kati.

Ba za a ɗora masa duka ba. Shekara nawa yana ganin haka ake yi a goman ƙarshe, kuma mutanen da suka zo ba waɗanda yake iya kallon idonsu ya ce a'a ba ne. Giɓin yana wajen shiri: an tsara abin da za a yi in tela ya kauce, an tsara na Alhaji, ba a tsara wanda zai riƙe ƙa'ida in maigida ba ya gari ba. An kira Alhaji a waya bayan sahur. Ya hana ƙarin karɓa. Guda 41 ɗin an yi musu takarda bayan fage, an sa su a ƙarshen layi, aka kira masu su aka gaya musu gaskiya. Shida sun zo sun karɓi yadinsu, sauran sun ce a gwada. Amma an riga an yanka 19 an tura su surfani a gaban waɗanda suka kawo tun Fabrairu.

Talata, 25 ga Maris

Janareto ya tsaya ƙarfe goma sha ɗaya na dare, babu wuta. Makanike sai da safe. Gyara da baƙin mai N27,500, asarar wuya takwas. An kai kwando 12 wajen wani mai surfani a waje, kowanne da takardarsa, an rubuta lambobin a allo ƙarƙashin sabon layi. Duka 12 sun dawo daidai. A bara irin wannan fitar ce ta ɓatar da gaban riga biyu.

Asabar, 29 ga Maris

An ga wata, gobe Lahadi Sallah. An rufe ƙarfe uku na dare.

Litinin, 7 ga Afrilu

Lissafin kakar. Kaya masu takarda tun farko 523, wato 380 na surfani da 143 marasa surfani. Waɗanda ba su fita ranar alƙawari ba 31, kuma 22 daga ciki a makon ƙarshe ne, bayan shigowar na bayan kwali da tsayawar janareto. Duka sun fita kafin jajiberi in ban da 4. Dawowa gyara 14. Haɗa kayan wani da na wani, babu.

Na bayan kwali 35 da suka rage: 21 ba su samu Sallah ba, 5 awonsu ya rikice, ɗaya an yanka wa mutum wuyan da bai ce ba, an biya shi N48,000. An ajiye lissafin biyu gefe da gefe a gaban Alhaji da ƙaninsa, ba a yi dogon bayani ba. An rubuta a bangon teburin karɓa cewa makullin durowar takardu yana hannun mai karɓar aiki, kuma buɗe sabon littafi bayan an rufe sai da izinin mutum biyu, Alhaji da babban mai yanka.

Laraba, 16 ga Afrilu

An yi ta tsoron cunkoson Sallah, ashe sanyin kasuwa ya fi shi haɗari. Aiki ya ragu zuwa kaya bakwai ko takwas a rana, kowa yana iya riƙe su a kai. Tsayuwa ba a yi ta ba tun dawowa hutu. Kwando uku sun koma ɗaukar zare da kwarkwaro, ɗaya mai shayi ya are shi. Ba wanda ya yanke shawarar dainawa, abin ne ya zame kamar zani.

Kurt Lewin, masanin halayyar jama'a da ya rasu a Amurka a 1947, an san shi da kwatanta sauyi da ƙanƙara: a narkar, a sake siffa, a daskarar. Na ukun ne mutane ke tsallakewa. Wanda ya san zafin Afrilu a Kano ya san ƙanƙara ba ta zama da kanta, sai da wuta a firji. An kawo dubawar mako: duk Asabar kafin biya, mutum biyu da aka zaɓa bi da bi, tela ɗaya yaro ɗaya, za su ɗauki kwando biyar ba zaɓe su duba ko takarda na nan, ko lambar alli ta dace, ko katin yana layin da kayan suke. Sannan su ƙirga kwanduna, su gwada tef. Sakamako a rubuta a gefen allo da alli, ba suna, ba tara. Ba Alhaji ke dubawa ba, da gangan. In shi ne, ranar da ya zo kawai za a gyara.

An kuma ɗauke kwando 25 an kulle, saura 35, domin a ƙarancin aiki 60 ba ya takura kowa, kuma iyakar da ba ta takurawa ba a jin ta.

Asabar, 19 ga Afrilu

Dubawar farko: huɗu cikin biyar daidai. Tef ɗaya ya fara miƙewa, an yanke.

Litinin, 28 ga Afrilu

Teloli biyu sun tafi bayan Sallah, kamar yadda aka saba, ɗaya ya buɗe nasa shagon a Kurna. An ɗauki biyu. Ba a yi musu lacca ba. Yinin farko kowannensu ya bi kwando ɗaya daga karɓa har kanta tare da wani tsohon tela, aka biya su yinin N4,000 kowanne. Da ɗaya ya nemi a yanka masa uku ya ajiye, babban tela ne ya ce masa, "Malam, nan ba a tara wa kowa, in ka gama ka je allo." Shi ne mai tambayar 21 ga Janairu. Lissafin yankunansa ya nuna ladansa na mako bai ragu ba, kuma ya daina kwance ɗinkin hannu kyauta.

Akwai abin da ya mutu, an kuma bar shi ya mutu. Takardar sa hannun ɗiga man keke da share kwarkwaro da aka manna a kowane keke, an cike ta mako biyu, daga nan ana sa hannun mako guda a rana ɗaya. An cire ta. A madadinta yaro ɗaya yana zagayawa da kwalbar mai da buroshi duk safiya kafin teloli su iso, N1,500 a mako. Zauren WhatsApp ma an rufe shi, tunda abin da ke ciki yana saɓa wa allo.

Asabar, 10 ga Mayu

Dubawa huɗu a jere ba a tsallake ba, biyu daga ciki Alhaji ba ya gari. Mako biyun nan kaya 104, makara 6, gyara 3. Kuɗin da tsarin ya ci zuwa yau, ban da diyyar shadda biyu da janareto: N250,600.

Shirin Babbar Sallah, wadda ake sa ran farkon Yuni. Ranar rufe bayarwa 3 ga Yuni. Daga Litinin 12 ga Mayu kwana 23, a cire Juma'a uku, saura 20. A wuya 14, 280, a cire kashi ɗaya cikin biyar, 224: jar takarda 40, masu tambari 184. Za a fito da kwando 25 ɗin da aka kulle ranar Litinin. Za a yi wa janareto sabis kafin 17 ga wata, ba a tsakiyar aiki ba. Za a zauna da mai surfanin waje a tsayar da farashi da adadi tun yanzu, wuya huɗu a rana, kuma ba za a ƙara su a lissafin karɓa ba sai an ga mako guda yana cikawa. Ƙanin Alhaji zai zauna a teburin karɓa yini uku a mako mai zuwa, shi zai buga tambarin 184 ɗin da hannunsa. Takardun aiki saura littafi biyar, a ba da bugun wasu 20 ranar Talata, a ƙara gurbin lambar wayar mai karɓar kaya in ba mai su ne zai zo ba.